Injin Shara: Ku Tambayi Mai Riƙe Shi Kafin Ku Saya



Makonni uku da suka wuce wata baiwar Allah ta shigo gidanmu bayan la'asar, ta zauna a bakin ƙofar uwargida, aka gaisa, sai hawaye. Mijinta ya rasu ya bar ta da marayu huɗu, tana aikatau a wani gida can wajen Rayfield, Keke biyu take hawa kullum kafin ta isa. Abin da ya faru shi ne, ƙanin maigidan ya aiko da injin shara daga Amurka, irin mai zuƙe ƙura daga kafet. Hajiya ta fito da shi daga kwali ta miƙa mata, ta ce a share falo kafin baƙi su zo. Filogin bai shiga soket ba, aka nemo adafta aka cusa. Ta kunna, injin ya yi wata irin kururuwa, can sai ƙauri da hayaƙi. Hajiya ta ce, "Kin ƙona mini inji, za a cire a albashinki." Albashin wata biyu aka yanka mata.

Na ce da ita, "Iya, gobe in kin je, ki kifa injin, za ki ga wata 'yar takarda a manne a ƙasansa, ki ɗauko mini hotonta a waya." Ta ɗauko. Ga abin da ke rubuce: 120V, 60Hz. Wutar da ke zuwa gidajenmu a Najeriya 230V ce, 50Hz, kusan ninki biyu na abin da aka ƙera injin don ya sha. Ko injiniyan da ya ƙera shi ne ya jona shi a soket ɗin Rayfield ba tare da tiransifomar rage wuta ba, haka zai ƙone a hannunsa. Matar nan ba ta yi laifin komai ba. Laifin na wanda ya saya ne bai duba ba, da wadda ta miƙa ba ta karanta ba. Amma da yake ƙarfi ya fi gaskiya a gidajenmu da yawa, tuwon marayu aka taɓa.

Wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami. Maganata guda ɗaya ce: kayan aiki na mai aiki ne. Injin shara ba kayan ado ba ne, ba na nuna wa kishiya ko matan unguwa ba ne. Wadda za ta ja shi, ta ɗaga shi, ta zubar da ƙurarsa, ta sha ƙararsa kullum, ita ce ma'aunin da za a auna shi da ita. Duk wanda ya sayi inji bai tambaye ta ba, bai koya mata ba, sannan ya ci tararta da ya lalace, zalunci ya yi, ko da ya kira shi tarbiyya.

Mutane biyu nake jayayya da su, kuma na san dukansu suna karanta wannan.

Na farko shi ne mai cewa, "Wane irin inji kuma? Ina tsintsiya? Iyayenmu da me suka yi shara?" Wannan magana tana da daɗin ji, amma a duba ɗakin da iyayenmu suka share. Daɓe ne ko siminti, da tabarma da ake naɗewa a kai waje a kakkaɓe. Ana yayyafa ruwa kafin a sa tsintsiya don kada ƙura ta tashi. Yau kai ka shimfiɗa kafet bango zuwa bango a falo biyu da ɗakuna huɗu, ka jibga kushin, ka rataya labule mai hawa uku, ka rufe tagogi ruf saboda sanyi. Ka canza gidan gaba ɗaya, ka bar kayan aikin yadda suke a zamanin kakarka. Idan da gaske al'ada kake karewa, naɗe kafet ɗin ka koma tabarma. In kuwa kafet kake so, to kafet yana da haƙƙinsa, kuma ba bayan 'yar mutane ne zai biya ba.

Kowa ya san dalilin da ya sa muke son kafet a Jos. Garin yana kan tudu, sama da mita 1,200 daga matakin teku, kuma daga Disamba zuwa Fabrairu tayil ba ya takuwa da asuba. Amma lokacin sanyin shi ne lokacin hunturu, lokacin da iska ke kwaso ƙura tun daga hamadar Chadi ta sauke mana a kan komai. Ƙara da jar ƙasar hanyoyin unguwanni da ba su ga kwalta ba, da tsibin ƙasar da haƙar kuza ta bari daga Bukuru har Barikin Ladi. Duk wannan kafet ne ke shanye shi. Tsintsiyar kwakwa tana kwashe tsakuwa da ɓawon gyaɗa, amma lallausar ƙurar, wadda ita ce mai cutar, tashinta kawai take yi sama. Ta yi yawo a ɗaki, rabi ta shiga ƙirjin mai shara, rabi ta koma inda ta fito bayan awa ɗaya. Sai Hajiya ta shafa yatsa a kan tebur ta ce yarinyar nan ba ta iya shara ba.

Ku gwada abu ɗaya. Ku tsaya a falo da hantsi, lokacin da hasken rana ke ratsowa ta taga, ku kalli abin da ke tashi idan ana share kafet da tsintsiya. Mu muna ficewa mu ce a kira mu in an gama. Ita tana ciki, a sunkuye, hancinta taku biyu daga ƙasa, kwana shida a mako. In ta fara tari sai mu ce sanyin Jos ne. In bayanta ya riƙe sai mu ce son jiki ne.

Akwai wani tarihi da ya kamata mai cewa inji gata ne ya sani. Injin shara na ɗauka-da-hannu, irin wanda ya bazu a gidaje, ba attajiri ne ya ƙirƙiro shi ba. Wani mai shara ne, James Murray Spangler, da ke aiki a wani babban kanti a garin Canton na jihar Ohio a Amurka. Yana da ciwon asma, kuma ƙurar kafet ɗin kantin tana tayar masa da shi. A 1907 ya haɗa ƙaramin moto da fanka da sandar tsintsiya da rigar matashin kai, ya yi abin da zai zuƙe ƙurar maimakon ya tayar da ita. A 1908 ya sami rajistar ƙirƙirarsa, ya sayar wa William Hoover, wanda sunansa ya bi injin har yau. Wato tun asali abin nan ƙirjin mai shara aka yi shi ya ceta. Mu ne muka mayar da shi kayan ɗakin amarya.

Nan ne na zo kan mutum na biyu, wanda ya fi ba ni haushi: mai saye don a gani. Shi ba ya rowa, amma ba ya tunani. Yana shiga kanti a Ahmadu Bello Way ko wajen Taminus, ko ya leƙa intanet, tambayarsa ɗaya ce: wanne ya fi ƙarfi? Mai kanti ya nuna masa kwalin da aka rubuta 2000W ko 2400W da manyan haruffa, ya biya, ya kai gida yana jin ya yi abin kai.

Wannan lamba ba ƙarfin zuƙa take nunawa ba, yawan wutar da injin ke ci take nunawa. Tamkar ka auna kyawun mota da yawan man da take sha ne. Tarayyar Turai ta hana sayar da sabbin injinan shara na gida da suka wuce wat 1,600 tun Satumban 2014, sannan a Satumban 2017 ta sauko da iyakar zuwa wat 900, ta kuma ce ƙararsu kada ta wuce desibel 80. Gidajen Turawa ba su cika da datti ba saboda haka. Kamfanoni ne suka gyara bakin injin da hanyar iskarsa. Injin nan mai fuskar murmushi da ake kira Henry, wanda masu aikin shara a ofisoshi da otal-otal na Ingila suka daɗe suna amfani da shi, wat ɗari shida da 'yan kai yake ci. Waɗanda shara ce sana'arsu ba babbar lamba suke bi ba, abin da ba ya mutuwa kuma ba ya gajiyar da su suke bi.

Yanzu kawo maganar gida. Inji mai wat 2,000 yana cin yunit biyu a awa ɗaya. A Afrilun 2024 hukumar NERC ta kai kuɗin yunit ɗaya na masu Band A zuwa Naira 225. Wannan ma mai sauƙi ne, don ana iya biya. Matsalar ita ce ranar da JED ba ta kawo wuta ba. Ƙaramin janaretan nan na unguwa, wanda ba ya kai wat 1,000, ba zai ko motsa shi ba. Inbatar gidaje da yawa za ta yi ƙara ta ɗauke. In wutar ta zo da rauni, kamar yadda take zuwa da yamma a unguwannin da tiransifoma ɗaya ke ɗauke da gidaje fiye da ƙima, moton zai yi ta nishi yana zafi. In aka jona shi a siririyar wayar ƙari irin ta cajin waya, wayar za ta yi laushi ta narke. Duk waɗannan, idan sun faru, wa ake kira? Ba mai kanti ba, ba Alhajin da ya saya ba. "Ke, zo nan, me kika yi wa injin nan?"

To me ya kamata a duba? Ba talla nake yi wa kowane kamfani ba. Tambayoyi ne da duk mai hankali zai iya yi a gaban mai kanti, kuma mafi yawansu amsarsu tana wurin mai aikin.

Farko, kifa injin ka karanta takardar ƙasansa. In ka ga 220V zuwa 240V, namu ne. In ka ga 110V ko 120V, na Amurka ne ko Kanada, in 100V ne na Japan, ajiye shi komai arharsa da kyansa. Wannan ya fi shafar masu sayen na gwanjo da masu 'yan uwa a waje. Na gwanjon da ya fito daga Ingila ya fi dacewa da mu, don wutarmu ɗaya, filoginmu ma ɗaya, mai ƙafa uku.

Na biyu, auna shi da wutar da kake da ita a zahiri, ba wadda kake fata ba. In janareta ko sola ce ke riƙe da gidan rabin mako, nemi mai wat 600 zuwa 900. Injin da ba ya aiki sai an kawo wuta yana mayar da 'yar aiki baiwar JED: wuta ta zo ƙarfe goma na dare, a tashe ta ta yi shara.

Na uku, nauyi. Kada kai ka ɗaga ka ce ba nauyi. Ba kai za ka hau bene da shi ba. A ba ta ta ɗaga da hannu ɗaya, ta yi taku goma. In gidan bene ne, mai tayoyi da ake ja a baya, wanda bututunsa kawai ake riƙewa, ya fi sauƙi a kan dogon nan na tsaye da ake tura shi gaba ɗayansa. A duba sandar, in tana ƙara tsawo tana raguwa. In sandar ta yi mata gajarta, sunkuyon da aka gudu a tsintsiya shi za ta koma yi, da ƙarin nauyin ƙarfe.

Na huɗu, ina ƙurar take zuwa? Wannan ce tambayar da ba wanda ke yi, kuma ita ce ta fi shafar lafiya. Inji iri biyu ne: mai jaka da mai gwangwani. Mai jakar takarda ya fi tsabta wajen zubarwa, amma tambayi mai kanti ya nuna maka jakar a hannu, ya gaya maka kuɗinta. In ya ce za a kawo daga Legas, ka san ranar da jakar farko ta cika injin ya zama kujera. Daga nan sai a ce da yarinya ta farke jakar ta zazzage ta ɗinke, ƙurar wata guda ta tashi a fuskarta lokaci ɗaya. Mai gwangwani ba ya buƙatar jaka, amma zubar da shi ma yana tayar da ƙura, don haka a waje za a yi, a cikin leda, da takunkumi a hanci. Akwai masu jakar yadi da ake wankewa, su ma suna da amfani a nan. Sai matata. Injin da matatarsa ba ta da kyau yana zuƙe ƙura ta gaba ya feso lallausar ta baya. Matatar da ake kira HEPA, ta ainihi, tana tare kashi 99.97 cikin ɗari na ƙwayoyin ƙura masu ƙanƙantar da ido ba ya gani. In a gidan akwai mai asma, ko mai aikin ce ke da ita, wannan ba alatu ba ne. In matatar ta wankewa ce, sai ta bushe ƙayau, kwana guda cur, kafin a mayar.

Na biyar, tsawon waya. Wayar mita biyar a babban falo tana nufin cirewa da jonawa sau huɗu, ko kuma a koma ga wayar ƙarin da na ambata. Nemi mai mita takwas zuwa goma.

Na shida, wa zai gyara? Kafin ka biya, ka san mai gyaran da ya taɓa buɗe irinsa a garin nan, ka san ana samun bututunsa da burushinsa da gawayin motonsa. Inji mai sauƙin ƙira da kowane mai gyaran fanka zai gane cikinsa ya fi mai allon kwamfuta da sai an aika Abuja.

Sai masu batir, marasa waya, waɗanda yanzu ake yayi. Suna da sauƙin ɗauka, gaskiya ne, kuma ga ƙaramin gida suna da daɗi. Amma yawancinsu minti ashirin zuwa arba'in suke yi, in aka sa su a cikakken ƙarfi kuwa ba sa kai minti goma sha biyar. Batirin yana raguwa shekara bayan shekara, sabo kuma yana da tsada in ma an samu. Ka ba mace gida mai ɗaki shida da injin minti ashirin, sannan ka ce ta cika nawa. Shi kuwa ɗan faifan nan mai yawo da kansa, a bar shi inda aka yi shi. Gidan da ke da dokin ƙofa, da darduma a kan kafet, da wayoyin caji a ƙasa, da yara masu zubar da tuwo, ba filinsa ba ne.

Zan kuma faɗi wata gaskiya da mai kanti ba zai faɗa ba: gidaje da yawa ba sa buƙatar injin ko kaɗan. In gidanka tayil ne ko leda, abin da mai aikinka ke buƙata shi ne tsintsiya mai doguwar sanda, da mofa mai kyau, da bokiti mai matsewa, da safar hannu ta roba, da ruwan ɗumi a watan Janairu. Duka kuɗinsu bai kai rubu'in na inji ba. Amma nawa ne cikinmu suka sayi injin dubban Naira suka ajiye a saman wardirob, alhali yarinya tana goge tayil da tsohuwar singileti, a durƙushe, hannunta cikin ruwan da ya kwana a waje? Wannan ya nuna ba sauƙinta aka nufa ba tun farko.

Bayan saye kuma sai koyarwa. Ba wanda aka haifa da sanin inji. Yawancin waɗanda ke mana aiki ba su taɓa riƙe shi ba, kuma littafin da ke cikin kwalin da Turanci yake, wani ma da Jamusanci ko Sinanci. Zauna da ita rabin awa. Nuna mata cewa ba a zuƙar ruwa da shi sai in irin mai ganga ne da aka yi don ruwa da ƙura. Nuna mata cewa tokar kaskon turaren wuta ko ta gawayin jin ɗumi ba ta shiga ciki, don garwashi ɗaya da bai mutu ba ya isa ya kama jakar, ga iska tana hura shi. A tsince fil da allura da ƙusa da zaren gashi kafin a fara. In ƙarar ta canza ko zuƙar ta ragu, a kashe a duba, wani abu ya toshe. A kuma tuna inji ba ya tsarkake najasa: inda yaro ya yi fitsari ruwa ne maganinsa, musamman kafet ɗin da ake salla a kai. Wanda bai koyar ba, ba shi da bakin zargi.

Yanzu maganar cire kuɗi a albashi, wadda ita ce ta kawo ni. Malaman fiƙihu sun daɗe da warware wannan. Ma'aikacin da ka ɗauka yana maka aiki kai kaɗai amintacce ne a kan abin da ka sa a hannunsa, ba ya biyan abin da ya lalace sai in ganganci ya yi ko sakaci bayyananne. Dokar ƙwadago ta Najeriya ma haka ta ginu: ba a cire wa ma'aikaci kuɗi don asara sai wadda ya jawo da gangan ko da sakaci, kuma sai da rubutaccen izinin jami'in ƙwadago. Ba a ce uwar ɗaki ta zama mai ƙara, ta zama alƙali, ta zama mai karɓar tara duk a tsaye a tsakar falo ba. Inji yana tsufa, moto yana ƙonewa, roba tana karyewa. Asarar kayan aiki ta mai kayan ce, kamar yadda ribar tsabtar gidan tasa ce. Hadisin Abu Zarri da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya sanya waɗanda ke ƙarƙashin hannunmu a matsayin 'yan uwanmu, ya hana a ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu, ya yi umarni da a taimaka musu in aikin ya yi nauyi. Anas ɗan Malik ya yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hidima shekara goma bai taɓa jin tsawa daga gare shi ba. Muna jin wannan a wa'azi muna girgiza kai, mu dawo gida mu ƙirga wa yarinya kuɗin kofin da ya fashe.

Na san abin da wasu za su ce: "Ba ka san halin 'yan aikin yanzu ba, ba sa tattali, abin da ba nasu ba ba ya musu ciwo." Akwai masu sakaci, ban musa ba, kamar yadda akwai su a ofis da kasuwa da cikin 'ya'yanmu. In an koya mata sau biyu sau uku ta ƙi ji, a zauna da wanda ya kawo ta a yi magana, in ta kama a rabu a rabu lafiya, a biya ta haƙƙinta cif. Amma a yi adalci wajen auna abin. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan Naira 70,000 ne tun Yulin 2024, sai dai dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, don haka ba ta shiga gidajenmu. Kowa ya san abin da yake biyan tasa. Ka raba kuɗin injin da albashinta, ka ga wata nawa za ta yi tana maka bauta kyauta kafin ta biya. In lissafin bai ba ka kunya ba, to a yi maka addu'a.

Akwai kuma abin da ba injin da zai gyara. In wadda ke maka shara yarinya ce 'yar shekara tara ko goma da aka ɗauko daga ƙauye, tambayarka ba wane inji ya dace da ita ba ce. Dokar hana fataucin mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP ke aiwatarwa, ta mayar da ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida laifi mai ɗauri. Abin da ya dace da hannunta allo ne da littafi. Duniya ma ta yi magana a kan manyan: Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince da yarjejeniya mai lamba 189 a ranar 16 ga Yuni, 2011, wadda ta ce aikin gida aiki ne kamar kowane, mai haƙƙin hutu da albashi da kariyar lafiya. Mu da addininmu ya riga su faɗa, bai kamata a ce sai Janeba ta koya mana ba.

Mu mutanen Jos ya kamata mu fi kowa gane wannan. Da yawa daga cikinmu jikokin leburorin kuza ne, waɗanda suka zo daga Kano da Katsina da Zariya da Bauchi suka ɗauki kwanon ƙasa a ka a ramukan Turawa. Tsakanin 1942 da 1944, lokacin yaƙin duniya na biyu, an yi ɗiban gwamna, aka kwaso mutane da ƙarfi zuwa filayen kuza, sanyi da yunwa da cuta suka kashe da yawa. Kakanninmu sun san ɗacin aiki a ƙarƙashin wanda bai taɓa riƙe diga ba amma shi ke yanke yawan ƙasar da za a haƙa. Abin kunya ne jikansu ya sami falo da kafet ya manta.

Kuma a garin da ya ɗanɗana abin da ya ɗanɗana a 2001 da 2008 da 2010, mu tuna cewa da yawa daga masu mana aiki ba yarenmu ɗaya ba, wasu ba addininmu ɗaya ba. Abin da ta gani a kicin ɗinka shi za ta kai gida ta ba da labari. Taron zaman lafiya ɗari a otal bai kai adalci ɗaya da aka yi wa mai shara a ranar da abu ya fashe ba.

Ita baiwar Allah da na fara da labarinta, mun je da wani dattijo muka sami maigidan, na nuna masa hoton takardar, na yi masa bayani. Mutumin kirki ne, ya yi shiru, ya ce wallahi bai ma san an cire mata ba. Aka mayar mata da kuɗinta a ranar. Tana nan tana aikinta, da tsintsiya, injin kuwa yana sito. Abin da ya hana ni barci shi ne, da ba ta da maƙwabcin da ya san ma'anar 120V, da wata biyun nan sun tafi, kuma da har yau tana ganin ita ce ta ƙona.

Don haka Alhaji, Hajiya, ranar da za ku je sayen injin nan, ku tafi da ita. Ku ba ta kuɗin Keke ku haɗu a kantin. Ta ɗaga, ta ja, ta ji ƙararsa, ta buɗe ta ga yadda ake zubarwa. In ta ce wannan ya yi mata nauyi, ku yarda, ita ta san bayanta. In ta ce mofa ta fi mata amfani, ku sayi mofar ku ƙara mata sauran a albashi.

Allah ya ba mu ikon sauke haƙƙin waɗanda ke ƙarƙashinmu kafin ranar da za a tambaye mu. Allah ya zaunar da Jos da Filato lafiya, amin.